Hannun da Ya Jira Malam Siddiƙ

Duk wanda ya tashi a Birik, wato unguwar Briqueterie ta Yaounde, ya san Malam Siddiƙ ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai tabarau ɗaure da zare ta gefe guda, wanda in ya ga matacciyar rediyo an yar a bakin kwata sai ya tsaya ya duƙa a kanta kamar ya tsinci ɗan'uwansa a kwance. Kakansa daga ƙasar Katsina ya gangaro da fatauci, mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa a rumfar atamfa a kasuwar Mokolo, 'yan'uwansa kuwa in ba tela ba to mai tsire. Shi kaɗai ya fanɗare. Tun yana ƙarami babu tocila ko agogon da ya kwana lafiya a gidansu, sai ya farke cikinsa ya ga abin da ke motsi. Ya sha duka a kan haka har mahaifin ya gaji, ya sallama shi ga makarantar koyon aikin lantarki.

Ya gama karatun, ya bi ofisoshi neman aikin gwamnati har takalmansa suka cinye, bai samu ba. Daga ƙarshe ya sami koyarwa a wata makarantar fasaha mai zaman kanta da ke kan tudu tsakanin Messa da Nkomkana, ta wani ɗan kasuwa mutumin Garwa, Alhaji Mohaman Bello. A nan ya yi furfura. A makaranta Mesiye Siddiƙ ne, Faransanci yake zubawa tun safe har a tashi. In ya gangaro unguwa ya shaƙi hayaƙin tsire sai ya koma Malam Siddiƙ, mijin Hamsatu. 'Ya'yansa maza sun girma sun kama gabansu, ɗaya Duwala ɗaya Ngaundere, babu wanda ya gaji ko riƙon sukundireba a cikinsu. Bai taɓa cewa abin ya dame shi ba, amma ya dame shi.

Akwai abin da ya fi wannan cin ransa. Kowace shekara ana gasa tsakanin makarantun birnin, ɗalibai su ƙera robo, wato ɗan inji mai taya da ke aiki da kansa bisa umarnin da aka rubuta masa a kwamfuta. Malam Siddiƙ ya sha zuwa kallo, ya zauna a bencin baya. Ana kiran yara ana tafa musu, bai taɓa jin an kira ɗan Birik ba. Ya kuma san abin da ake faɗa a gari, wai yaran Birik ai ko wuƙar tsire ko keken ɗinki. Ya yi ta bin Alhaji Mohaman Bello da naci har Alhajin ya ba shi aron wani ɗakin ajiya a bayan makaranta, mai taga ɗaya da rufin da ke yoyo a kusurwa. A ciki ya tara tarkacensa, ya tara yara, ya daɗe yana koya musu liƙa waya da dalma kafin ya yarda sun isa shiga gasa.

A farkon zangon da za su shiga, Alhaji ya kira shi ofis. Mutumin kirki ne Alhaji, ba ya ɗaga murya, amma ɗan kasuwa ne.

"Malam, iyaye sun dame ni," ya ce. "Yara sun yi yawa a aji, wasu a kan taga suke zama. Ɗakin nan ina bukatarsa. Amma na ji ka sa yaranka a konkur, gasar robon nan, to ga magana. In sun tsallake zagayen farko, sunan makaranta ya fito, ɗaki ya zama naka, har rufin zan gyara maka. In ba su tsallake ba, sai ka yi haƙuri, benci zan zuba."

"Na yarda, Alhaji," in ji Malam Siddiƙ, bai ko haɗiyi yawu ba. Sai da ya fito ya sauko matakala sannan nauyin maganar ya sauka masa. Ya san in ɗakin ya tafi, ba shi da sauran shekarun roƙon wani.

Aikin da aka ba makarantu a shekarar ba shi da wuya a baki. Robo ya bi baƙin layi a kan farin fili, ya isa inda aka jera 'yan gutattsarin katako, ya ɗauka ya zuba a kwando. An ba da wata biyu da 'yan kwanaki, daga tsakiyar ruwan Oktoba zuwa Disamba. Shi kuwa Malam Siddiƙ mutum ne mai son tsari. Tun yana yaro ya tsani gaggawa, don ya ga yayyensa teloli suna karɓar ɗinkin rabin unguwa, su kwanta a kai har jajibirin sallah, sannan su tashi a ruɗe suna ɗinka hannun riga a baibai. Ranar farko ya tara yaransa huɗu ya ɗaga musu yatsa.

"A nan ba ma ɗinkin jajibiri," ya ce. "Ƙafa tukuna, sannan ido, sannan hannu. Wanda ya tsallake layi ya koma gidansu."

Jagorar yaran ita ce Madina, 'yar wani mai sayar da takalma a Mokolo wanda ke tsayawa kusa da Malam Siddiƙ a sahun masallaci. Ita ke rubuta umarnin a kwamfuta. Sai Alim, mai yanka da hudawa, wanda bai taɓa riƙe abu bai yi masa tabo ba. A ɗakin nan Faransanci ake yi, kuma da Faransanci yaran ba su san kunya ba. Madina takan dubi ƙwayar idon malaminta ta ce masa lissafinsa bai yi ba, shi kuwa ya ƙyalƙyale da dariya ya ce ta nuna masa. Ya fi jin daɗin wannan musun fiye da albashinsa.

Ƙafa, wato tayoyin robon, ta ba su wuya. Robon ya yi ta juyi a wuri ɗaya kamar kazar da aka yanka, ya yi ta karo da bango. Da ta tsaya suka koma ido, 'yan na'urorin da ke bambance baƙi da fari. Su ma suka yi gardama, don hasken taga na ruɗa su, sai da Alim ya toshe tagar da buhu. Ranar da robon ya kama layi ya bi shi har kwana ba tare da ya kauce ba, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, amma ihun yaran ya danne ƙarar kwano. Malam Siddiƙ ya cire tabarau ya ce tururi ne ya rufe masa gilashi. Suna kan lokaci, har da 'yar rara.

A ranar ce kuma ya taka ƙusa. Yana janye tebur daga ƙarƙashin yoyo, ta huda silifa ta shige tafin ƙafarsa, bai ko ji ba, don ya daɗe da ciwon suga kuma ƙafafun sun fara mutuwa. Hamsatu ce ta ga jini a silifar da yamma. Ya ce ba komai. Bayan 'yan kwanaki ƙafar ta kumbura ta yi sulɓi, likita ya ce kada ya sake ya taka ta har sai ya gani. Kafin ya kwanta ya lallaɓa a kan moto, wato babur ɗin haya, ya je ɗakin. Ya fito da 'yan injunan da za su motsa hannun robon, waɗanda ya sa aka aiko masa daga Duwala, su ke nan babu na canji, in an juya musu waya sun ƙone. Ya dubi Alim musamman.

"Kada wanda ya taɓa hannun nan sai na dawo," ya ce. "Litinin ina nan."

Litinin ta zo ta wuce, bai tashi ba.

Sai yaran suka fara zuwa dubiya kowace Juma'a bayan an sauko masallaci. A nan ne abin ya lalace, kuma babu wanda ya yi ƙarya da niyya. Gidan Malam Siddiƙ ba makaranta ba ne. Gida ne na Birik, ana cire takalmi a bakin ƙofa, a yi sallama, a durƙusa a gefen tabarma. Mesiye ya tsaya can kan tudu. Wanda ke kwance a kan katifa Kawu ne, abokin sahun baba, kuma da Kawu Hausa ake yi. Mu kuwa a Hausarmu ta gida, tambayar jiki amsa ɗaya gare ta, tambayar aiki ma amsa ɗaya. Ko gidan mutum na cin wuta, ka gaishe shi zai ce maka lafiya lau, sannan ya ruga neman bokiti.

"Sannu Kawu. Yaya jikin?" in ji Madina, kanta a sunkuye.

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Mako mai zuwa in Allah ya yarda ina tare da ku."

Yana faɗar haka ƙafar na lulluɓe da zani, kuma tun kafin su iso Hamsatu ta zagaya ɗakin da turaren wuta don kada su ji wari.

"To yaya aikin?" ya ce.

"Da godiya, Kawu."

"Ana ci gaba dai?"

"Ana kai."

Sai Alim ya miƙo waya ya nuna masa bidiyo. Ga robon yana bin layi, ya fi na wancan makon gudu, an ma shafa masa koren fenti. Malam Siddiƙ ya ji sanyi a ransa, ya sa musu albarka, Hamsatu ta kawo musu ruwan citta, suka tashi.

Juma'a ta bi Juma'a haka. Su suna fita da maganarsa a kunne: Kawu ya ce da sauƙi, mako mai zuwa yana nan, to me zai sa su karya dokarsa su ƙona injunan da babu na canji? Sai su koma su ƙara goge abin da ya riga ya yi kyau. Shi kuwa yana kwance yana lissafi a ransa, yanzu sun kafa kafaɗa, yanzu sun kai ga yatsu. Dokar da ya kafa ta Litinin ɗaya ce a wurinsa, ya ma manta da ita. Sau da yawa bakinsa ya ɗauko tambayar hannun sai ya mayar. In ya fara ba da umarni daga kan katifa, kamar ya amsa cewa ba zai tashi ba ke nan, kuma wannan maganar ko Hamsatu bai yarda ya yi da ita ba. Ciwon na cin gaba, yana ji, yana gani. Da yamma yakan kasa kunne ga ƙarar kekunan ɗinki na maƙwabta da kiran sallar magariba, ya ji kamar unguwar gaba ɗaya tana tafiya ta bar shi a baya.

Asirin ya tonu ne ta hanyar da ba wanda ya shirya. Wata Juma'a a farkon Disamba, yaran na durƙushe an gama gaisuwa, sai wayarsa ta yi ƙara. Wani malamin makarantar ne ke tambayar yadda za a yi da jarrabawar ajinsa. Suka daɗe suna magana da Faransanci. Da ya kashe wayar harshensa bai dawo gida ba tukuna, sai kawai ya juyo ga Madina da muryar aji.

"Et le bras?" ya ce. Hannun fa?

Ita ma kafin ta yi tunani bakinta ya riga ta. "On vous attend, Monsieur."

Kai muke jira. Malam Siddiƙ ya yunƙura ya tashi zaune. Ya ci gaba da Faransancin, don ya gane yanzu da shi kaɗai zai sami amsa. Madina ta faɗa masa komai ba ta rage ba. Injunan na nan cikin ledarsu yadda ya bar su. Ko rami ɗaya ba a huda wa hannun ba. Abin da ya rage kafin gasa bai kai mako biyu ba.

"Kuka zo nan kuna ce mini da godiya!" ya daka tsawa, wannan karon da Hausa. "Mako nawa? Ba ku da baki ne?"

Alim ya dubi tabarma. Madina ta ce a hankali, "Kawu, kai ka ce da sauƙi. Kullum cewa kake mako mai zuwa."

Hamsatu na tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Mace ce marar yawan magana, amma ranar ta ƙoshi. "Malam, kada ka ɗora wa yaran nan," ta ce. "Ni na gaji da turare. Nuna musu."

Ya dube ta. Ya sa hannu ya janye zanin. Yatsun ƙafar sun yi baƙi, bandejin ya jiƙe, kumburin ya haura idon sawu. Alim ya kawar da kai. Madina ta toshe baki da mayafi, hawaye suka zubo mata. Malam Siddiƙ ya ji kunyar da bai taɓa ji ba, ba ta ƙafar ba, ta yadda shi da ya koya musu auna komai da ma'auni ya zauna makonni yana musayar gaisuwa da su yana kiranta rahoto.

"Gobe ku kawo mini robon gida," ya ce. "Da komai da komai."

Haka mutumin da ya tsani ɗinkin jajibiri ya zauna yin sa a kan katifar jinya. Babban farantin Hamsatu ya zama tebur. Yaran na tasowa daga makaranta su wuce gidansa da kayan makaranta a jikinsu, su yi har magariba. Idanunsa sun yi hazo, sai dai ya faɗa Alim ya liƙa. Abin takaicin shi ne Alim ɗin da ya hana taɓawa bai ƙona ko ɗaya ba. Cikin 'yan kwanaki hannun ya tsaya, yana sauka yana tashi. Amma kafa hannu daban, koya masa riƙo daban. Wani lokaci ya matse katakon har ya tsalle ya faɗa ƙarƙashin gado, wani lokaci ya ɗauka a sake ya zubar a hanya. Irin wannan ba ya gyaruwa da wayo, sai an gwada an sake gwadawa, a rage kaɗan a ƙara kaɗan, kuma lokacin yin hakan shi ne aka cinye a gaisuwa. Malam Siddiƙ ya sani, Madina ma ta sani, suka ci gaba.

Ana saura kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi har ya daina gane mutane. Maƙwabta suka ciccibe shi zuwa asibiti, aka yanke yatsun da wani sashe na tafin ƙafar. Ranar Asabar ɗin gasa yana kwance a ɗakin marasa lafiya yana kallon silin, yana jin duk motar da ta wuce kamar ita ce ta kawo labari.

Bayan la'asar Madina ta shigo ita kaɗai. Ba ta durƙusa ba, ta tsaya a gefen gado kamar a aji, ta faɗa masa da Faransanci cewa ba su tsallake ba. Sannan ta miƙa masa waya. Ya matso da ita kusa da tabarau. Ga koren robonsu a kan farin fili, an kira sunan makaranta, an kira sunan Madina da na Alim. Robon ya kama layi ya bi shi tiryan-tiryan, ya sha kwanar da ta kayar da wasu, har aka fara tafi. Ya tsaya daidai gaban katakon. Hannun ya sauka, ya kama, ya ɗaga, ya juya wajen kwando, sai ya saki tun bai kai ba. Ya koma ya ɗauki na biyu, ya sake yarwa a wuri ɗaya. Haka ya yi ta yi da natsuwa har aka busa usur.

"Da mun sami mako ɗaya," in ji Madina.

"Da kun samu," ya ce. Ya miƙa mata wayar, ya ce ta gaida babanta.

Bayan 'yan kwanaki Alhaji Mohaman Bello ya zo dubiya da ledar lemo da ayaba. Hamsatu ta ja masa kujera ta fita. Ya yi addu'a mai tsawo, ya ce Allah ya sa kaffara ne, ya ba da labarin wani ƙaninsa a Garwa da aka yi wa irin wannan aikin kuma yanzu har kasuwa yake zuwa. Malam Siddiƙ yana amsawa da amin, yana jiran maganar ɗaki. Alhaji ya yi zancen tsadar siminti, ya yi zancen ruwan bana, bai kawo ta ba. Da ya ga zai miƙe, Malam Siddiƙ ya daure.

"Alhaji, yaya makaranta?"

"Lafiya lau, Malam. Komai lafiya. Kada ka sa komai a ranka, kai dai ka samu ka warke."

Ya faɗa da murmushi, idonsa a kan ledar lemo. Malam Siddiƙ ya gane. Mutumin bai zo don ya ci masa fuska ba, ya zo ne da mutunci, kuma ba zai taɓa faɗa wa marar lafiya a gadon asibiti cewa kafinta ya riga ya auna ɗakin ba. Zai bar shi ya warke, ya hau moto da sanda, ya je ya tarar da benci.

Malam Siddiƙ ya miƙa hannu ga rigarsa da ke rataye a kan ƙarfen gado, ya laluba aljihu, ya zaro makullin ɗakin. Ya ɗan juya shi a tafin hannunsa sannan ya miƙa.

"Ga shi, Alhaji. A bar yaran su kwashe kayan tukuna."

A ransa akwai sauran wani ɗan wuri da ke jiran Alhaji ya ce haba Malam, ajiye, sai ka tashi mu yi magana. Alhaji Mohaman Bello ya sunkuyar da kai, ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihu.